Maigida, Ina Zartonka?

A Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, kamar sauran garuruwanmu na yammacin Kano, akwai aikin da mutum zai yi a ƙofar gidansa ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi, akwai kuma wanda in ya taɓa sai an taru a kansa. Malamin makaranta ya tsuguna yana wanke babur ɗinsa, ba komai. Ya saɓa fartanya ya nufi gona bayan an tashi daga aji, sai dai a yi masa fatan damina mai albarka. Amma ya fito da falanki biyu da zarto da ƙusoshi ya ce zai haɗa wa yaransa teburin karatu, nan take masu jaje za su iso. Wani ya ce, "Malam, lafiya? Albashin ne bai shigo ba?" Wani ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai wannan ba girmanka ba ne, bari in kira maka yaron kafinta." Da sun ba da baya kuwa hukuncin guda ne: maƙo ne ya hana shi biyan kuɗin aiki.

Ni dai ina bayan malamin nan. Da za a samu irinsa a kowace unguwa, daga Sabon Birni zuwa Getso, daga Kutama zuwa Garo ta ƙasar Kabo, da gidajenmu sun fi haka kintsuwa, da kuɗin da muke zubarwa a kan kayan ɗaki ya ragu, da kuma kafintocinmu sun fi haka kyautata aiki. Ba cewa nake kowa ya bar sana'arsa ya koma kafinta ba. Cewa nake magidanci, ko saurayi, ko ma uwargida, su riƙi aikin katako a matsayin abin sha'awa, abin da za a ba yammacin Asabar, yadda wani ke ba da nasa ga tantabaru wani ga ƙwallon Turai.

Wannan ƙyama da muke nuna wa zarto ba gadonmu ba ce. A tambayi duk dattijon da ya haura saba'in yadda gidan da ya tashi a ciki yake. Kusan komai na cikinsa hannun mutanen gidan ne ya yi shi. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, maigida da 'ya'yansa ne ke gyaran darni, su saƙa zana, su kafa rumfa, su ɗaure gadon kara, su yi wa kaji akurki, su sa wa fartanya da gatari ƙota. Mata su yi daɓe, su ɗinka faifai. Abin da ake kai wa gwani shi ne wanda ke buƙatar gizago da sanin itace: turmi da taɓarya, akushi, kujerar tsugunno, allon karatu. Masassaƙi ya san kirya ce ke jure daka shekara da shekaru, ya san aduwa ce ke ba da allo mai santsi, magini kuma ya san gara ba ta cin azarar giginya da sauƙi. Aikin a rabe yake, babba na gwani, ƙarami na mai gida. Mu kuwa mun miƙa duka biyun. Yau ƙafar benci ta karye, sai a jingine shi a zaure har damina ta wuce ana jiran kafinta. Ƙyauren banɗaki ya ɓalle, sai a rataya tsohon buhu. Ƙusa huɗu ce matsalar, amma babu guduma a gidan, in ma akwai, maigida yana jin nauyin a gan shi da ita.

Boko ne ya kamata ya gyara wannan, sai ya ƙara dagula shi, alhali ba haka aka faro ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, inda ake koyar da aikin katako da dukanci da ƙira. Amma da yake wanda ya iya alƙalami shi ke zama akawu ya ɗauki albashi, sai iyaye suka gane inda riba take, aikin hannu ya zama rabon wanda ake ganin kansa bai ja ba. Da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an shigo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai. Waɗanda suka yi makaranta a lokacin sun san ƙarshen labarin. A makarantu da yawa kayan sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Yara suka riƙa zana hoton zarto a littafi, suna haddace sunayen sassansa da Turanci don cin jarrabawa, ba su taɓa yanka katako ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha nan a Bichi tana yaye malaman aikin katako, amma malami ba ya koyar da fere katako da alli.

A Suwidin har gobe aikin hannu darasi ne na dole a makarantun firamare, maza da mata suna yin na katako suna yin na ɗinki. Maƙwabciyarta Finlan ta sa shi cikin manhaja tun 1866. Ba don suna son kowa ya zama kafinta ba, sai don sun yarda cewa yaron da ya auna, ya yanka, ya ga ya yi gajere, ya sake, ya koyi wani abin da allo ba zai koya masa ba. Shi ya sa likita ko alƙali a can bai ɗauki riƙe guduma abin kunya ba. Jimmy Carter, wanda ya mulki Amurka daga 1977 zuwa 1981, da ya sauka ya koma garinsu Plains, ya mai da garejin gidansa ɗakin aikin katako. Kujeru da kabad da ya haɗa da hannunsa an riƙa yin gwanjonsu ana zuba kuɗin a cibiyarsa, wadda ita ce ta tsaya tsayin daka wajen yaƙi da kurkunu a ƙauyukan Nijeriya har aka tabbatar da kawar da cutar a 2013. Ban ji wanda ya ce girmansa ya zube ba.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Nasara ce. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne. Annabi Nuhu da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana gyara takalminsa yana ɗinke tufarsa a cikin gidansa, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari. A nan ƙasarmu an ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tufka igiya. To wane girma ne namu da ya fi ƙarfin ƙusa?

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan ɗaki. Duk uban 'ya mace a ƙasar nan ya san nauyin da ke jiransa: gado, katifa, sif, madubi, kujeru. Wani tun yarinya tana ƙaramar sakandare yake tari, wani sai ya sayar da sa, wani har gona. Nauyin ya kai matsayin da gwamnati ke shiga ciki. A auren gata da gwamnatin Kano ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023, gado da katifa suna cikin manyan abubuwan da aka raba, domin an san su ne ke tsayar da aure a gidan talaka. To bayan duk wannan wahala, me uban yake sayowa? Sau da yawa abin da ake ɗora wa a-kori-kura ana guɗa ba katako ba ne. Garin itace ne aka cuɗa da gam aka matse a inji, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi, wanda 'yan kasuwa ke kira MDF. Ranar jere ya fi komai kyau, 'yan ganin ɗaki su yi ta santi. Amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Danshin watan Agusta ya taso ta daɓe, ko amarya ta cika goge ɗaki da ruwa, sai ƙasansa ya kumbura ya fara zubar da gari. Ƙusar da aka zare daga jikinsa ba ta sake kamawa. Tashi ɗaya daga gidan haya zuwa wani ya isa ya gama da sif. Kafin a yaye ɗan fari an fara maganar sabon gado, alhali akwai tsofaffin da har yau suke daka a turmin da aka kai su ɗaki da shi.

Ba haramta wannan allo na MDF nake nema ba. Yana da amfaninsa a inda babu danshi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Damuwata ita ce mai saye bai san abin da yake saye ba. Ba ya iya bambance maɗaci da malaina, ba ya sanin ɗanyen katako da busasshe, ba ya leƙa bayan sif ya ga da me aka rufe shi, ba ya girgiza kujera ya ji ko gam da haɗi ne suka riƙe ta ko ƙusa biyu. Fenti kawai yake saye. Gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da kayan ɗaki daga waje a 2004. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki da allunan katako cikin kayayyaki 41 da ya daina ba masu shigo da su dala a farashin gwamnati, har zuwa Oktoban 2023 da aka janye matakin. Duk waɗannan dokoki a tashar jiragen ruwa suka tsaya. Babu wadda ta koya wa uban amarya a Sabon Birni ya ɗaga falanki ya ji nauyinsa. Wannan ilimi sai wanda ya taɓa yanka katako da hannunsa.

Na san abin da za a ce: kana so ka kashe wa kafintoci kasuwa. Girkin gida bai hana mai tuwo-tuwo ciniki ba. Ƙananan ayyukan da nake magana a kai, kafinta ma ba son su yake ba. Shi ya sa in ka kai masa kujera mai karyayyar ƙafa sai ka sha "gobe" da "jibi" da "Alhaji saura kaɗan". Ba lallai mugunta ba ce. Da kaka ta yi, rufin kwano da kayan aure sun sha kansa, kuma aikin da za a biya shi abin da bai kai kuɗin cefane ba dole ya koma ƙarshen layi. Sannan wanda ya kwashe yini yana fama da benci guda ya san dalilin da ya sa gado yake da tsada. Ba zai ƙara taya aikin mako biyu a kuɗin banza ba. Mu fa muke tura kafinta ga ha'inci: mu matse shi a ciniki har ya rasa riba, mu ba shi kafin alƙalami da bai isa sayen katakon kirki ba, mu ce nan da Juma'a muke so, sannan mu yi mamaki da ya yi mana da ɗanye. Mai saye da ya san aiki shi ne babban abokin kafintan kirki. Wanda zai yi kuka da shi sai mai ɓoye ruɓaɓɓen katako a ƙarƙashin fenti.

Wanda ke son farawa ba ya buƙatar inji ko wutar lantarki, abin da ya dace da mu ke nan tunda wutar sai an ga dama. Zarto, guduma, tef na awo, sikwaya, fensir, samfefa, gam da ƙusoshi sun isa shekarar farko. Ana samunsu a Kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari in an shiga Kano, wasu ma ba sai an bar Gwarzo ba. Kada a fara da gado. A fara da kantar ajiye Alƙur'ani da littattafan yara, ko benci na zaure, ko ɗan teburin da uwargida za ta ɗora kwanuka su bar ƙasa, ko akwatin tantabaru. Guntayen katako da kafintoci ke zubarwa ko su sayar da arha sun ishi mai koyo. In aikin ya girma, 'Yan Katako na Na'ibawa da na Rijiyar Lemo suna nan, sai dai tafiyar kusan kilomita 70 ce daga Gwarzo, ta Rimin Gado da Janguza, don haka gara mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗin mota.

Akwai abu guda da ya kamata kowa ya sani, ko da ba zai taɓa riƙe zarto ba. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga kurmin kudu ake kawo shi, cike da ruwa. In aka yi aiki da shi a haka, hunturu na zuwa zai tsotse ruwan, falanki ya tsuke ta faɗinsa, ya kantare, ya tsage, haɗi ya buɗe baki. Maganin ba ya cin ko kwabo. A jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a bar su makonni. Ba a shanya katako a rana kai tsaye. Wanda ya san zai aurar da 'ya bayan sallah, da ya sayi katakonsa tun yanzu ya ajiye, sannan ya kai wa kafinta busasshe, da ya ga bambanci.

Sauran dabarun a hannu ake koyonsu, amma ga kaɗan. Tsayin teburin cin abinci ko na karatu wajen inci 30 ne, na kujera wajen inci 18, in na yara ne a rage. In katako mai tauri ne, a ɗan dakusar da bakin ƙusa da guduma kafin a buga, ba zai tsage ba. Bencin da ke rawa, sanda guda da aka gicciya daga ƙafa zuwa sama ta isa ta tsayar da shi. In ana son a san ko firam ya daidaita, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu, in awon ya zo ɗaya to ya yi. In babu sikwaya, a auna inci 3 a gefe guda, inci 4 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da inci 5 kusurwar ta miƙe. Wannan shi ne lissafin Pythagoras da ɗanka ke haddacewa a sakandare yana tambayar amfaninsa. Ka ba shi tef ya auna da kansa. Zarto kuwa mai kaifi ya fi dakusasshe aminci, don dakusasshe ne ke sa a danna da ƙarfi har ya kuɓuce. Tsofaffin ƙusoshi a tattara su a gwangwani, gidajenmu cike suke da yara marasa takalmi.

Lokaci ma muna da shi. Daga an gama sussukar dawa da waken suya har zuwa saukar ruwan fari, watanni ne masu yawa. Masu ƙarfi sun tafi cirani Kano ko Abuja ko Legas, masu fadama suna lambu, sauran kuma majalisa ce daga hantsi zuwa la'asar, ana musun siyasa ana latsa waya. Ba na raina majalisa, a nan ake jin labarin gari a kuma sasanta rigima. Amma za a iya yin musun ana goge falanki.

Ƙalubalen da ba ni da sauƙin amsa masa shi ne na itace. Wani zai ce, dajin da ya riga ya ƙare, ka ƙara masa masu zarto? Tambaya ce ta gaskiya. Kirya da marke da maɗaci da kakanninmu suka sani a gonakin yammacin Kano sun yi ƙaranci, masu gawayi da masu itacen girki sun gama da mafi yawansu. Madobiya kuwa, a shekarun baya an yi mata wawaso a dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi ana loda ta zuwa Sin, har yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido daga farkon 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Sai dai a lura, ba mai haɗa benci a zaurensa ne ya cinye dajin ba. Buhunan gawayin da ake lodawa a kan titin Gwarzo sun fi abin da masu sha'awar katako na ƙaramar hukuma guda za su taɓa nesa ba kusa ba. Kuma teburin da ya shekara talatin ya fi tausaya wa daji a kan wanda ake sauyawa duk bayan shekara uku. Gyaran tsohuwar kujera ma ba ya cin bishiya ko ɗaya.

Ga kuma darbejiya, wadda aka shigo da ita ƙasar nan ta hanyar Borno a shekarun 1920, yau babu garin da ba ta cika ba. Dangin maɗaci ce, katakonta yana da ƙarfi, ƙwari ba su cika damunsa ba, tana saurin girma, in aka sare ta kuma tana sake tofowa. Mun mai da ita ta inuwa da maganin zazzaɓi da itacen wuta kawai. Sharaɗina ga duk mai son wannan aiki shi ne kada ya sare bishiya sai da izinin malaman gandun daji, kuma duk damina ya dasa darbejiya ko maɗaci a bakin gonarsa ya kewaye su daga awaki. Wanda ya san kuɗin falanki guda ba sai an yi masa wa'azin dashen itace ba.

Kirana na ƙarshe ga makarantu ne. A watan Yuni na 2024 gwamnan Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma da bakinsa ya faɗi cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Sayen sababbin kujeru aikin gwamnati ne, ba na sauke mata shi. Amma duk wanda ya leƙa makarantunmu ya san akwai ajin da aka mayar sito, an tara karyayyun bencina har rufi, mafi yawansu ƙusa da ɗan guntun katako kawai suke jira. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Gwarzo da Kabo, ku ware Asabar ɗaya a wata. Ku ɗauko kafintan gari ku biya shi haƙƙinsa ya jagoranci aikin, iyaye su zo da guduma, manyan ɗalibai maza da mata su riƙe tef su buga ƙusa. Masu unguwanni da limamai su fara zuwa, don in aka ga mai gari da zarto bakin masu cewa maƙo ne zai mutu.

Kai kuma maigida, kafin ranin nan ya wuce, ka sayi zarto da guduma ka ajiye a gidanka, ka fara da bencin nan da ke jingine a zaure.